Daga Burusli zuwa Jumong: Bashin da 'yan Chanis ke bin fim ɗin Hausa

Duk lokacin da aka zauna muhawara a kan asalin fim ɗin Hausa, sunan ƙasa ɗaya ake kira, wato Indiya. Malamai su ce Indiya ce ta koya mana rawa da waƙa. Furodusoshi su ce in babu rawa da waƙar, fim ba ya fita a kasuwa. 'Yan kallo kuma su rabu gida biyu. Shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja, har ta kai an manta da wani baƙon da ya sauka garin nan bayan Indiya, ya zauna da mu, ya bar mana kalmomi a baki da ɗanɗano a harshe. Wannan baƙo shi ne fim ɗin Chanis, tare da 'yan'uwansa na Japan da Koriya.

Mai karatu zai iya cewa to mene ne na tono tsohon zance? Dalili shi ne baƙon bai tafi ba. Ya dai canza riga ne. Jiya yana kan majigin sinima, yau yana cikin wayar ƙanwarka da ta matarka, yana cinye lokacin da a da fim ɗin Hausa ke samu.

Daren Chanis

Gidan sinima na dindindin na farko a Kano shi ne Rex, wanda aka buɗe a 1937. Daga baya aka samu su Palace, Plaza, Orion, El Dorado, Queens, Wapa da Marhaba. A shekarun 1970 da 1980 mafi yawan dararen mako na Indiya ne, sai a ware dare ɗaya ko biyu a sa na Amurka ko na Chanis. To amma duk wanda ya yi zamanin zai gaya maka daren Chanis daban yake. Dare ne na samari zalla. Ba a zuwa don a yi kuka ko a koyi kalaman soyayya, ana zuwa ne a ga duka. Idan aka tashi, tun daga bakin ƙofa ake fara gwada abin da aka gani, wannan ya ɗaga ƙafa, wancan ya yi ƙara irin ta kyanwa, wani ya koma gida da tsagaggen wando.

Sarkin wannan dare shi ne Bruce Lee, wanda yaran unguwa suka mayar Burusli. An haife shi a San Faransisko ta Amurka a 1940, ya tashi a Hong Kong, ya rasu ranar 20 ga Yuli, 1973 yana da shekara 32 kacal. Finafinan kunfu huɗu ya kammala a matsayin babban jarumi: The Big Boss a 1971, Fist of Fury da The Way of the Dragon a 1972, sai Enter the Dragon a 1973. Na biyar, Game of Death, bai gama shi ba ajali ya zo, sai a 1978 aka harhaɗa aka fitar. Da wannan ɗan aikin ya mamaye duniya, har da lungunan Fagge da Tudun Wada.

Kafin shi akwai Jimmy Wang Yu, mai fim ɗin takobi da hannu ɗaya na 1967. Bayan shi aka samu Jackie Chan, wanda ya fito da Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master duk a 1978, ya haɗa faɗa da barkwanci. A shekarar ce kuma Gordon Liu mai ƙwaryar molo ya yi The 36th Chamber of Shaolin. Jet Li ya biyo baya da Shaolin Temple a 1982.

Irin waɗannan finafinai ne suka daɗa kafa mana kalmomin “akta” da “bos”. Har gobe idan yara na kallo, tambayar farko ita ce, “Wane ne aktan?” Kuma kowa ya san ƙa'idar: akta ba ya mutuwa, bos kuma sai a ƙarshe ake gamawa da shi. Ko a fim ɗin Hausa, da wannan ma'aunin ake auna 'yan wasa, shi ya sa aka daɗe ana kiran irin su Shu'aibu Lawan Kumurci da bosawa.

Ba duka ne Chanis ba

A wurin Bahaushe, duk mai ƙananan idanu da ya iya tsalle ɗan Chanis ne. Amma akwai bambanci. Yawancin finafinan da aka kalla a sinimomin Arewa daga Hong Kong suka fito, wadda a lokacin tana hannun Ingila, sai a 1997 ta koma ƙarƙashin ƙasar Sin. Manyan kamfanoni biyu ne suka riƙe harkar: Shaw Brothers, da Golden Harvest wanda Raymond Chow ya kafa a 1970, kuma shi ne ya ɗauki Burusli.

Kunfu na Sin ne. Karet na Japan ne, daga tsibirin Okinawa. Taikwando na Koriya ne. Ninja mai baƙaƙen kaya da rufe fuska daga tarihin Japan aka ɗauko shi, kodayake finafinan ninja da suka yi tashe a farkon shekarun 1980, irin waɗanda Sho Kosugi ya fito a ciki, kamfanin Amurka ne ya shirya su. Shi kuwa Tony Jaa na cikin Ong-Bak na 2003, wanda aka yi rububinsa a zamanin sidi, ɗan ƙasar Tailan ne, kuma damben ƙasarsu yake yi. Mu dai duk mun zuba su a kwando ɗaya.

Kafin a yi Turmin Danya

Tarihin da aka fi sani shi ne cewa fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990. Gaskiya ne shi ne ya buɗe kasuwa. Amma kafin nan, tsakanin 1980 da 1984, wasu matasa a Kano irin su Sani Lamma da Hamisu Gurgu sun riga sun fara gwada ɗaukar wasa da kyamarar bidiyo. Cikin abin da suka yi akwai Hukuma Maganin 'Yan Banza. Abin lura a nan shi ne faɗa irin na Chanis ne ya ja hankalin matasan wancan lokaci zuwa gaban kyamara. Samari ne da ke haɗuwa a filaye suna koyon kunfu da karet, suna so su ga kansu a talabijin kamar Burusli.

Ke nan idan Indiya ce uwa, to Chanis ma yana da gadon da zai ci a gidan nan. Sai dai da kasuwa ta buɗe, mata na cikin gida suka zama su ne manyan masu sayen kaset, sai soyayya da rikicin kishiyoyi suka yi rinjaye. Zuwan Sangaya da Wasila wajajen shekarar 2000 ya ƙarasa tabbatar da mulkin rawa da waƙa. Faɗa ya koma ɗan abin da ake yayyafawa a ƙarshen fim, shi ma ɗin a gurguje. Sau nawa ka ga an kai naushi iska ta ɗauka, amma wanda aka nufa ya faɗi yana birgima? Sau nawa ƙarar dukan ta riga hannun isa?

Horo kafin kyamara

Abin da muka ɗauka a wurin 'yan Chanis shi ne tsalle da ihu. Abin da muka bari shi ne wahalar da ke bayan tsallen. Jackie Chan yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar wasan gargajiya ta wani malami mai suna Yu Jim-yuen, ya yi shekara goma yana shan horo tun daga asuba har dare. A nan ya haɗu da Sammo Hung da Yuen Biao, waɗanda su ma suka zama taurari. Ya yi shekaru yana aikin faɗuwa a madadin wasu, har da cikin finafinan Burusli, kafin a ba shi jarumi. A wajen ɗaukar Armour of God na 1986 ya faɗo daga bishiya, ƙoƙon kansa ya tsage, sai da aka yi masa tiyata. A ƙarshen finafinansa kuma ana nuna wuraren da ya yi kuskure ya ji ciwo, don mai kallo ya san ba wasan yara ba ne. A 2016 aka ba shi kyautar Oscar ta girmamawa.

Sannan a wurinsu tsara faɗa sana'a ce mai zaman kanta, da daraktanta daban. Yuen Woo-ping, wanda ya ba da umarni a Drunken Master, shi Amurkawa suka ɗauko ya tsara musu faɗan The Matrix a 1999. Faɗan minti uku kan ci kwanaki ana ɗauka. Mu kuwa a nan an sha gama fim sukutum a cikin mako guda, a je lokeshin ba a yi atisaye ko sau ɗaya ba.

Har labarin nasu ma horo yake koyarwa. Duba yadda akasarinsu suke tafiya: an zalunci yaro, ya gudu wurin tsohon malami, malamin ya sa shi ɗiban ruwa da faskare da shara na tsawon watanni kafin ya koya masa ko da naushi ɗaya. Bahaushe bai buƙatar a fassara masa wannan. Duk wanda ya san zaman almajiri da malaminsa, ko yaron maƙeri da ubangidansa, ya gane darasin tun kafin a yi magana. Wataƙila wannan ne sirrin da ya sa finafinan suka karɓu a nan alhali ba ma jin yaren.

Koriya ta shigo ta waya

Yawancin tsofaffin sinimomin nan sun mutu, wasu sun zama shaguna, wasu wuraren ajiye kaya. Kaset ya wuce, sidi ya bi bayansa. Amma a daidai lokacin da ake ganin zamanin Chanis ya ƙare, sai ga Koriya ta Kudu da dogayen finafinai masu zuwa kashi-kashi.

Biyu ne suka fi yin suna. Na farko Jewel in the Palace, wanda tashar MBC ta fara nunawa a 2003, mai kashi 54. Labarin wata yarinya ce, Jang-geum, da ta shiga fadar sarki a matsayin mai koyon girki, ta sha makirci da kora, daga ƙarshe ta zama likitar sarki. Na biyu shi ne Jumong, mai kashi 81, da aka nuna daga 2006 zuwa 2007, labarin gwanin harbi da baka da ya kafa daular Goguryeo. Akwai gidajen da aka ƙona tuwo saboda Jumong, akwai kuma masu janareta da suka ƙarar da man sati a dare biyu.

Me ya sa suka shiga ran mutanenmu? Ka duba abin da ke ciki: sarki da fadawa, matan sarki da kishi, 'yan uba masu neman gadon sarauta, durƙusawa a gaban manya, sutura mai rufe jiki, soyayyar da za a yi kashi talatin ba a riƙe hannu ba. Uba zai iya zama ya kalla da 'ya'yansa ba tare da ya riƙe rimot a hannu ba. Wannan fa duk kayan gidanmu ne.

Da aka shiga shekarun 2010 sai masu fassara suka ƙara wa wutar fetur. Kamfanoni irin su Algaita sun fi shahara da Indiya-Hausa, amma harkar fassarar ba ta tsaya a Indiya ba, ta haɗa da na Sin da na Koriya. Yanzu sarkin Koriya na magana da Hausar Kano, har da karin magana da baƙar magana. Shagunan 'yan dawunlodin kuma suna tura wa mutum kashi ashirin a waya da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Furodusan da ke tunanin abokin gasarsa shi ne ofishin da ke kusa da nasa a titin Gidan Zu, ya sake lissafi.

Su Koriyawa ba da ka suka kai nan ba. Gwamnatinsu ta daɗe tana tilasta wa gidajen sinima nuna finafinan gida na kwana 146 a shekara, sai a 2006 aka rage zuwa 73. Sun kafa bikin finafinai na Busan a 1996. Sakamakon ya fito fili a 2020, lokacin da Parasite na darakta Bong Joon-ho ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci babbar kyautar Oscar, sannan Squid Game ya girgiza duniya a 2021.

Daga allo zuwa tukunya

Wanda ya kalli Jewel in the Palace zai lura cewa rabin labarin a madafa yake. Ana nuna yadda ake yanka, yadda ake jiƙawa, wane ganye ke maganin me. Da gangan suke yi. Fim ne ke tallar abincin ƙasa, shi ya sa yau 'yan mata a Kano da Kaduna suka san sunan kimci, wato kabejin da ake tsimawa da barkono, ko da ba su taɓa ɗanɗana shi ba.

Abin mamaki, abincin wannan yanki ya riga finafinan Koriya shiga cikinmu, ba mu dai sani ba ne. Ɗauki awara. Waken suya asalinsa daga gabashin Asiya yake, kuma awara ita ce abin da suke kira tofu. Hanyar yi ɗaya ce: a jiƙa wake, a markaɗa, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami ya dunƙule, a matse a yanka. Bambancin kawai mu muna soyawa mu barbaɗa yaji, su kuma sun fi jefa ta a miya. Yarinyar da ke soya awara a ƙofar gida da yamma, sana'ar da Sinawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi take yi.

Farin magi da ake kira Ajino, na kamfanin Ajinomoto ne na Japan, wanda ya fara sayar da shi tun 1909. Taliyar leda da mai shayi ke soya maka da ƙwai, wani mutum ne a Japan mai suna Momofuku Ando ya ƙirƙiro irinta a 1958, kodayake ita Indomie da muka fi sani daga Indunusiya ta zo. Ganyen shayin da Buzaye da mutanen Nijar ke dafawa a ƙaramar buta a kan gawayi, daga Sin ake kawo shi. Mu ma muna aika musu, domin Sin da Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Nijeriya.

To a ina fim ɗin Hausa ya taɓa tsayawa ya nuna yadda ake kilishi, ko dambun nama, ko fura, ko miyar kuka da daddawa, har wani a wata ƙasa ya ji yawunsa ya tsinke? Mu in za a nuna mai kuɗi a fim, sai a jera masa lemon kwali da soyayyar shinkafa a kan tebur, kamar tuwo abin kunya ne.

Zumuncin da ya wuce kallo

Alaƙar ba a allo da tukunya ta tsaya ba. Gidan rediyon ƙasar Sin ya buɗe sashen Hausa tun 1963, kuma akwai Sinawan da suka koyi Hausa har suka ɗauki sunayen Hausawa. Masaƙar UNTL ta Kaduna, wadda ta ciyar da dubban iyalai a zamaninta, wani attajirin Hong Kong mai suna Cha Chi-ming ne ya kafa ta a shekarun 1960. A 2019 Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine, Mike Zhang, sarautar Wakilin 'Yan Chaina, aka naɗa masa rawani a fada. Koriya ta Kudu kuma ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja a 2010, inda ake koyar da yarensu da taikwando, ana nuna finafinai, ana gasar waƙa da rawa.

Ko wancan tsallen da yara ke yi a bakin sinima bai tafi a banza ba. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya tagulla a taikwando a gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ciyo azurfa a Riyo a 2016, sannan a 2017 ya je har Koriya, mahaifar wasan, ya zama zakaran duniya.

Gemun ɗan'uwa

Akwai kuma darasi mai ɗaci. A farkon shekarun 1990 Hong Kong na fitar da finafinai wajen 200 a shekara. Kafin a kai tsakiyar shekarun 2000 adadin ya faɗi ƙasa da rabin haka. Dalilan ba baƙi ba ne a kunnen ɗan fim ɗin Hausa: da zarar fim ɗaya ya ci kasuwa sai a yi masa kwafi goma, ana gaggawar fitarwa ba inganci, 'yan satar fasaha suna buga sidi tun fim na sinima, manyan taurari da daraktoci kuma suka tsallaka Amurka. Masu kallo suka gaji, suka juya baya. Duk wanda ya ga yadda kasuwar fim ta Ƙofar Wambai da Bata ta kasance a da, ya ga yadda ta koma, ya san wannan labarin. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ke hannunmu

Ba ana cewa a daina kwaikwayon Indiya a koma kwaikwayon Koriya ba ne. Wanda ya sa wa ɗan Hausa rigar Shawolin ya aske masa kai, bai fi wanda ya sa shi zagaya bishiya yana waƙa ba. Abin koyi shi ne yadda suka ɗauki nasu da daraja. Hong Kong ta sayar wa duniya kunfu, Koriya ta sayar da tarihin sarakunanta da abincinta.

Mu muna da dambe, da jam'iyyunsa na Kudu da Arewa da Guramada, da makaɗansa, da tarihin irin su Shago wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. Muna da kokawa, wadda a Nijar ake gasar takobi ta ƙasa tun 1975, gari ya tsaya cik idan ana yi. Muna da sharo, da wasan tauri, da hawan daba. Muna da Bayajidda da Daurama, da Barbushe, da Kanta na Kabi. Labarin Sarauniya Amina sai da aka yi shi da Turanci a 2021 kafin duniya ta kalla a Netflix. Mai Martaba, wanda Nijeriya ta tura gasar Oscar a 2024, ya nuna cewa za a iya fim ɗin sarauta da yaƙi da harshen Hausa kuma a yi alfahari da shi. Saura a samu na biyu da na goma.

Abin da ake buƙata ba boyayye ba ne: marubucin da zai zauna da tsofaffi da littattafan tarihi kafin ya ɗauki biro, ɗan wasan da zai yarda ya yi wata uku a gidan dambe kafin a kunna kyamara, da furodusan da zai biya mai tsara faɗa kamar yadda yake biyan mai kiɗa. 'Yan kallo sun riga sun nuna za su iya zama su kalli kashi 81 na tarihin wata ƙasa da ba su taɓa zuwa ba. Ranar da aka ba su na Kano ko Gobir ko Zazzau da irin wannan kulawa, ba za su tashi ba.